Tabawa da Biran Kurmin Raɗa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata duwatsu, ya tsirar da kurmi ya zuba masa mazauna, ya ba kowace halitta harshenta, mai tafiya da mai tashi da mai rarrafe. Bayan haka, ni ce Tabawa 'yar marina, wadda ta fita neman sani da ƙafa biyu da baki ɗaya, bakin kuwa ya fi ƙafafun sauri. Ku matso ku ji abin da ya same ni a Kurmin Raɗa, can bayan Kogin Waiwaye, inda ayari ba ya zuwa, inda ko zakara ba a kiwo.

Na yi karatuna a Birnin Alƙalamai, a gaban Malam Tanimu mai nazarin dabbobi, wani tsoho ɗan firit da ya ƙarar da ƙuruciyarsa kwance cikin ciyawa yana kallon yadda gafiya ke renon 'ya'yanta. Shi ya ba ni labarin birin geza: baƙi wuluk, sai wata farar geza da ta zubo daga kafaɗa har gadon baya. Matafiya sun sha hango su daga nesa, amma babu mahaluƙin da ya taɓa zama da su ya ga abin da suke ci, da wanda suke bi, da abin da suke faɗa wa juna. Malam ya so zuwa, gwiwa ta ƙi. Sai na ce ni zan je.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke? Ke da ko barci kike bakinki ba ya hutawa?"

"Allah ya gafarta Malam, ai birai ma surutu gare su. Sai mu yi ta yi."

Ya yi dariya har da tari. Ran da zan tashi ya rako ni ƙofar gari ya ce, "Aikin duka zama ne. Ki bi su, ki zauna, har su manta kina nan. Kada ki ba su abinci, kada ki kai musu hannu. Sunanki Tabawa, to, ban da taɓawa."

Shi Kogin Waiwaye, da safe gabas yake gangarawa, rana na yin tsaka ya tsaya cik, sa'an nan ya juyo da baya. Masu fito a can ba su san wahalar tuƙi ba. Su bi ruwa da safe, su ɗaure jirgi a gaɓa da azahar, su jira gobe. Na shiga kwale-kwalen wani dattijo, Baba Na-Ruwa, wanda matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse neman abinci. Ni kuwa da na samu mai saurare sai na buɗe baki: labarin unguwarmu, rigimar marina da masaƙa, bikin yayata, har da akuyarmu da ta cinye rawanin liman. Muna ta tafiya, muna ta tafiya, sai na lura wata tsamiya mai karyayyen reshe ta cika wuce mu. Da fari na ce tsamiyoyin ƙasar nan kama gare su. Ashe tsohon ba ya ɗaure jirgi! Ruwa ya kai mu da safe, ya maido mu da yamma, shi yana ta shan hira a ɓagas.

Ban yi masa faɗa ba. Na ja bakina na tsuke. Ya tambayi ƙarshen labarin akuya, na nuna masa gabas da leɓe. Ya yi magiya, ya gasa mini kifi, ko uffan ban ce ba. Washegari da azahar sai ga shi ya yi wuf ya ɗaure jirgi tun ban yi magana ba. "'Yar nan, kin fi ni taurin kai," in ji shi. "Ki yafe mini. Gidan ne ya yi shiru da yawa." Dariya na yi masa a lokacin, don ban san abin da yake nufi ba tukuna.

Ya sauke ni a mashigin kurmi, ya yi alkawarin kawo mini gari da gishiri duk tsayuwar wata. Kafin ya juya sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kin ga dogayen itatuwan can? Turmin-sama ake ce musu. Kowane ɗa nasu ya kai turmi girma da nauyi, kuma da ɗan siririn tsinke yake rataye. Sun saba da kukan tsuntsu da na biri, amma da mutum ya ɗaga murya sai su tsinko. Nan bakin ruwa ki yi ihunki son ranki. In kin shiga ciki, ki yi raɗa, in kin iya ma ki bari."

Wayyo ni Tabawa! Duk dazukan duniya, sai wanda ba a magana cikinsa aka zaɓa mini.

Na shiga. Ganye ya rufe sama ruf, har ruwan da aka yi yau sai gobe yake isowa ƙasa, yana ɗiga daga reshe zuwa reshe. Rana kuwa sai dai labarinta. Matsattsaku suka yi mini maraba tun daga idon sawu, takardun da na ɗauko suka yi fumfuna suka manne, tawada ta koma ruwa. Dole duk abin da na gani in tsara shi baiti-baiti a cikin kaina, in yi ta bita kamar mai hadda, ba tare da leɓena ya motsa ba. Na yi bukka a tsakanin saiwoyin wata bishiya, na shiga neman mutanen da na zo dominsu.

A kan wani ƙaton ɓaure na same su, manya da yara, gezar nan tana walƙiya cikin duhun ganye. Tarbiyyar gida ba ta barin mutum. Na russuna, na washe baki, na ce musu a hankali, "Sannunku da hutawa." Kafin in rufe baki bishiya ta zama wayam. Sai daga baya na gane cewa a wurinsu nuna haƙori zagi ne, kallon tsakiyar ido kuwa neman faɗa. Wato na zo garin mutane, na fara da zagin iyayensu.

Na sake lale. Na koyi zama a karkace, kaina a ƙasa, ina tauna ganye ina soshe-soshe kamar wadda ba ta da aikin yi. Tun asuba nake gindin bishiyar da suka kwana, in bi su har su zaɓi makwanci, wuyana ya sandare saboda ɗaga kai. Da farko daga nesa suke jifana da ɓawo. A hankali jifan ya ragu, suka fara saukowa reshen ƙasa, har wata rana wani ɗan ƙarami ya yi fitsari a kaina bai ko dube ni ba. Wallahi murna na yi, don na san sun fara mantawa da ni.

Daga nan ilmi ya buɗe. Akwai wani ƙaton namiji da na sa wa suna Magaji, mai cika baki da girgiza reshe, na ɗauka shi ne mai gari. Ina! Hayaniya ce kawai. Wata tsohuwa ce mai yagaggen kunne, wadda nake kira Goggo, take riƙe da su. In ta zauna an zauna, in ta miƙe ta dubi kudu, kudu za a yi, Magaji ya biyo baya yana muzurai. Ita ta san ɓauren da zai nuna a kowane wata. In sun ci ganye mai ɗaci, ita ke kai su wata gaɓa su lashi farar ƙasa, cikinsu ya lafa. Na tona kashinsu da tsinke, ni 'yar gidan tsafta, na tarar da ƙwayar turmin-sama a ciki. Na shuka ita, na shuka wadda na ciro daga ɗan itacen da ya faɗo. Ta kashin ce kaɗai ta tsiro. Ashe duk kurmin nan birai ne suka shuka shi.

Kukansu ma iri-iri ne, kowane da ma'anarsa. Na gaggafa daban, da an yi shi sai kowa ya faɗo cikin duhuwa. Na mesa daban, a miƙe tsaye a yi ta leƙen ƙasa. Na damisa kuwa, a jikina na koye shi. Wata hantsi Goggo ta yi wani irin tari mai kauri, nan take suka haye can ƙarshen rassa, ni kuwa ina zaune ina ta ƙoƙarin sa abin cikin baiti. Ina waiwayawa sai ga ta, ta lafe a gindin turmin-sama, jelarta na kaɗawa. Gudu ba zai yi ba, hawa ba zai yi ba. Na ja da baya na cusa kaina cikin kogon saiwa, na cika ƙirji, na saki duk maganar da na tara wata da watanni. "Ke! Uban wa ya aiko ki? Mayya! Mai ɗigo-ɗigon tsiya!" Sama ta amsa. Turame suka yi ta zubowa, tim, tim, ƙasa na girgiza. Damisa ta fita da ɗingishi, ko waiwaye babu. Da ƙura ta lafa sai na zauna ina jin muryata tana yi mini amo a kunne, duk ta dushe, kamar ta wata baƙuwa.

Ba damisa ce ta fi ba ni wuya ba, kuma ba yunwa ba ce. Tsakar rana ce. Lokacin nan suke barin ci, su zauna bibbiyu, wannan ya ba da baya, wancan ya shiga tsefe masa gashi, yana cire kaska da datti, a natse, ba gaggawa. Uwa da 'ya, ƙawa da ƙawa, har waɗanda suka yi faɗa da safe, da tsifar nan suke shiryawa. Ni kuwa kitson da na zo da shi ya tsufa ya cukurkuɗe. Gaba ina iya taɓawa, amma wa ke yi wa kansa kitson ƙeya? Sai in tuna yadda nake zama tsakanin gwiwoyin yayata, tana ja tana yi mini tsiya wai kaina ya cika tauri. In dubi birai, in kawar da kai. Ba na ɓoye muku, hassadarsu na yi. Kowa a kurmin nan yana da mai duba masa ƙeya, ban da ni.

Ran nan ina zaune, na cire ɗankwali don zafi, sai na ji motsi a bayana. Ban juya ba. Wasu 'yan yatsu masu sanyi suka sauka a ƙeyata, suka buɗe gashin, suka shiga tsifa a hankali. Ta gefen ido na hango yagaggen kunne. Goggo ce. Malam ya ce kada in taɓa, amma bai faɗi abin da zan yi ba in an taɓa ni. Na danne hannuwana a cinya, na sunkuyar da kai, hawaye na zuba, kuma ko kukan ba ni da damar yi da ƙarfi. Tun daga ranar kusan kullum sai ta zo. Wani lokaci ta yi ta gunaguni, ina jin faɗa take yi mini a kan ƙazanta.

Da wani wata ya tsaya na fita mashigi karɓar gari, sai na tarar da bukkoki da hayaƙi da maza. Baba Na-Ruwa na gefe ya yi tagumi. Wani dogon mutum mai faffaɗar kafaɗa ya taso ya yi mini sallama, kuma da harshen garinmu, har da yadda muke jan ƙarshen magana. Sunansa Goje, sarkin bakan mutanen nan. Ya san unguwar marina, ya san limamin da akuya ta ci wa rawani! Suka zubo mini tuwo da miyar kuka, da daddawa ta gaske. Na ci, na yi surutu har muƙamuƙina ya yi ciwo. Rabona da daɗi irin wannan har na manta.

Sai da na wanke hannu ya ce, "Ƙanwata, masu ɗiban zuma sun hango ki daga sama, wai biri na yi miki tsifa. Labarin ya kai har bakin teku. Attajiran can suna son farar gezar nan, su yi wa dawakinsu ado. Shekara da shekaru birin geza ba ya harbuwa, ba ya barin mutum ya matso. Amma naki, an ce har ƙasa suke saukowa."

Na ce, "Sarkin Baka, ka rufa mini asiri. Su suke shuka kurmin nan. In ka ƙarar da su, kurmin ma zai bi bayansu."

"Ni ma bakuna na baro a gida, ƙanwata, kuma ba ganye suke ci ba." Ba da gatse ya faɗa ba. "Ki kai mu, a yi da ke."

"Ba zan kai ku ba."

Ya yi murmushi. "Ba sai kin kai mu ba. Sawunki ya yi hanya kamar ta kasuwa. An kuma gaya mana yadda kike zama a karkace kina tauna ganye. Har zannuwa mun sayo, shuɗɗa, irin naki. Dafin kibanmu kawai muke jira ya nuna. Da wata ya cika za mu shiga."

Ko garin ban tsaya ɗauka ba. Na koma ina tuntuɓe da saiwoyi, na tarar da su a kan ɓaure, yara na wasan lilo da jelar Magaji. Wani ya sauko ya zauna kusa da ƙafata yana cin abinsa. Abin da na yi wata da watanni ina nema ke nan, kuma shi ne zai kashe su.

Na gwada jan su can ƙuryar kurmi, amma wa zai bar ɓaure nunanne ya bi ni? Sai na ce bari in koya musu tsoron mutum. Na sassaƙa wata mummunar fuska da ɓawon itace, na shafe ta da laka, da nufin in sa in firgita su, in cire in dawo Tabawarsu. Na gama, na ajiye ta a gabana ina kallo, sai na gane ba za ta yi ba. Su Goje ba da fuskar ɓawo za su zo ba. Da fuskar mutum za su zo, da shuɗin zane, su zauna a karkace. In dai ana so birai su tsira, to, wannan zaman za su tsana, da wannan zanen, da wannan fuskar tawa. Na jefa ɓawon a rafi.

Na zaɓi gaɓar da suke lasar ƙasa, don babu turmin-sama a wurin. Na zauna yadda na saba, na bari suka kewaye ni. Sa'an nan na zabura, na washe haƙora, na zuba musu ido, na kurma ihu, na bi su da jifa. Suka watse. Washegari suka dawo, yaran ma sun ɗauka sabon wasa ne. Na sake. Na haɗa da majajjawa, na haɗa da hayaƙin ɗanyen ganye. Kullum sai na fara da zaman nan na lumana, su sakankance, sa'an nan in auka musu. Ina jifa ina kuka, ina zaginsu da sunayen da ni na raɗa musu. Ɗaya bayan ɗaya suka daina saukowa. Magaji ne ma farkon guduwa.

Saura Goggo. Ita a saninta, duk faɗan da aka yi da safe, tsifa ke kashe shi da rana. In na yi haukana na gaji na zauna, sai in ji ta a bayana. In kore ta, gobe ta dawo. Kuma muddin tana saukowa, sauran za su biyo ta, don ita ake bi. Ga wata kullum ƙara cika yake.

Ana jibi su Goje za su shigo, ta sauko da tsakar rana. Wannan karon ba ta zagaya bayana ba. Gabana ta zo, ta zauna, ta juya mini baya, ta karkatar da kai, ta buɗe mini gezarta. Ba ta taɓa yin haka ba. Ta yi mini tsifa ba adadi, yau ta zo karɓar tata, a shirya. Na ga furfura a gindin gashin, na ga wata kaska ta maƙale a bayan kunnen nan yagagge. Allah ya sani, tunda na zo duniya ban taɓa son yin wani abu kamar yadda na so cire kaskar nan ba.

Na lalubo sandata, na ɗaga da hannu biyu, na sauke mata a kafaɗa da iyakar ƙarfina.

Ta faɗi, ta mirgina, ta tashi. Ba ta gudu nan da nan ba. Ta juyo ta dube ni tsakiyar ido, ni ma na dube ta, na nuna mata haƙora, hawaye na shiga mini baki. Sa'an nan ta kama bishiya da hannu ɗaya, ta hau a hankali, tana hutawa, har ta kai inda ba na iya ganinta. Daga can ta yi wani kuka. Ba na gaggafa ba ne, ba na mesa ba, ba na damisa ba. Siriri ne, dogo, ya karye a tsakiya. Magaji ya karɓa, mata suka karɓa, yara suka karɓa, har wasu garkunan da ban taɓa gani ba suka amsa daga nesa. Kafin in sauke sandar, babu ko ɗaya a kaina.

Na bi su washegari don in tabbata. Tun ban hango su ba kukan ya tashi, sai kaɗawar rassa kawai na tarar. Na kwashe 'yan komatsaina na fito mashigi.

Su Goje suka shiga da zannuwansu da kwarinsu. Na zauna bakin ruwa ina jira. Suka daɗe. Da suka fito, ƙafafu duk gyambon matsattsaku, ko gashi ɗaya ba su riƙo ba. Goje ya jefar da zanen, ya zo ya zauna nesa kaɗan da ni.

"Na yi farauta a ƙasashe da yawa," in ji shi. "Na san kukan biri in ya ga damisa, na san na gaggafa, na san na maciji. Wannan ban taɓa jin sa ba. Da mun sa ƙafa sai ya tashi, daga wannan ƙarshen kurmi har wancan. Ƙanwata, ke da kika san harshensu, me suke cewa?"

Na kasa kunne. Na ƙarshen mutanensa na fitowa daga cikin itatuwa, kukan na biye da shi. Muryar Goggo ce a gaba, na san ta ko cikin dubu.

"Sunana ne," na ce. "Ni suke kira."

Ya dube ni, bai yi dariya ba. Can ya miƙe, ya ce wa mutanensa su naɗe kaya.

Iyakar abin da na gani ke nan a Kurmin Raɗa, ban ƙara ba, abin da na rage kuwa nawa ne. Masu ɗiban zuma sun ce har yau ana jin kukan nan, wai jikokin da ba su taɓa ganina ba ma sun iya shi. Allah ya sa kada su manta.